Jakar Mai Tuwon Madara

Wata mai ɗinkin hula ba ta taɓa mance ranar da ta fara haɗuwa da mai tuwon madara ba. A kan bencin asibiti ne, su biyun suna jiran likita ɗaya, cuta ɗaya ta kawo su: wadda ke cin rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, ƙafa ta yi nauyi, ido ya yi hazo, tunani ya riƙa tafiyar hawainiya. Duk wata mijin mai hula yakan kawo ta a babur, ya zauna gefenta. Shekara uku suna haɗuwa a bencin nan. Ita mai hula, zanen hula ɗaya ta iya tun tana budurwa, hannunta ke yi ba sai ta yi tunani ba. Yanzu kuwa sai ta ɗauko zance da mijinta, bakin zaren ya kuɓuce mata, ta yi shiru don kunya. Mai tuwon madara fa, sandar dogarawarta ta fi ta mai hula tsufa, amma in kalma ta ɓace mata sai ta zagaya ta kamo 'yar'uwarta, ta hau labari, benci ya ɗauki dariya. Har da mijin mai hula. Dariyar da ya daɗe bai yi a gida ba, ga ta yana yi wa wata, har a hanya yana maimaita labarin. Abin ya tsaya wa mai hula a rai. Ta ce a ranta, lallai matar nan tana da wani magani da take ɓoyewa.

Ran nan aka kira mai tuwon madara ciki, ta bar mata ajiyar jakarta. Mai hula ta waiga, ta zuge zif. Ƙwayoyin da ta gani irin nata ne sak. Sauran kayan kuwa: littafi da bangonsa ya cinye, tsinkayen dara a ƙulle cikin leda, da guntayen jaridar da aka naɗe tsire da su, duk maiƙo, an ninke su kamar kuɗi. Tana riƙe da su mai jaka ta fito. Ba ta yi fushi ba. Ta ce, “Ƙawata, maganin ke nan kika gano. Tun ina talla nake karanta duk takardar da ta faɗo hannuna, Fulatanci ma wajen masu kawo mini madara na tsinta. Abin da na tara a kaina ciwon nan yake ɗiba kullum, bai dai kai ƙasan tukunya ba.” Mai hula ta ji kamar ta nutse. A hanyar gida, a bayan babur, ta riƙa tuna firamaren da ta gama, ta jingine karatu kamar tsohuwar tabarma. Sai da suka kai ƙofar gida ta riƙe rigar mijinta, ta ce, “Malam, ka sayo mini littafi. Na yi alkawari kowace la'asar zan karanta maka shafi guda, ko da in'ina. Dariyar nan a gida za ka riƙa yin ta.”

Ba a banza Hausawa suka ce ba: da ruwan ciki ake jan na rijiya.