Gudun Almu Mahauci

Iliyasu yana kurɓar shayi a bakin titin Agege sai wani mutum ya gifta shi a guje. Mutumin ya tsallake teburin mai doya, ya fizgi keken wani ya taka har bakin rafi, ya yar da shi, ya faɗa ruwa ya haye.

Iliyasu ya dire kofi. Tun da kuɗin fetur suka shigo, ofishinsu na wasanni ya ƙirƙiro gasar gudu da keke da iyo a haɗe. An ce ya nemo gwani ko ya bar kujerarsa. Bai tsaya kallon komai ba, ya faɗa mota ya zagaya ta gada.

Ya tarar da mutumin yana haki. Sunansa Almu, mahauci ne.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Ba kowa, Oga."

Aka ɗinka wa Almu riga, aka yi ta ɗura masa kaji, aka yi masa liyafa. Ranar gasa manya suka cika rumfa. Aka busa usur, kowa ya zabura, Almu yana tsaye yana waige-waige.

Iliyasu ya matso. "Malam Almu, gudu mana."

"Ai ban gan shi ba, Oga."

"Wa?"

"Bijimin da ya tsinke igiya ya biyo ni rannan. In ba ya bayana, ko iyo ban iya ba."

"To yana ina?"

"Shi kuka ci a liyafa."