"Na Ƙoshi" Ɗin Mai Jin Yunwa

Ka tambaye ni, Malam Habila, wai me ya sa wata aya ta ce kada mu damu da abin da za mu ci, wata kuma ta tsawata wa mai sallamar ɗan'uwa da fatan alheri alhali cikinsa wayam. Kai sabon mai bishara ne, to gyara zama ka ji. Da kunya zan faɗa, don manomin da ke cikin labarin nan ba wani ba ne, ni ne.

A tsakiyar wata damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma gero bai nuna ba, wani manomi dattijon ikilisiya yana cin tuwo a gindin ɗorawa da rana. Sai ga maƙwabcinsa, wanda ambaliya ta cinye wa amfanin bara, ya zo ya tsuguna wai gaisuwa. Manomi ya ce, "Matso mu ci." Maƙwabci ya ce, "Na ƙoshi." To wa bai san wannan ba? Magidanci ba ya amsa tayin farko ko da yunwa za ta kashe shi. Sai ka maimaita, ka tura masa akushin, ka ce in bai sa hannu ba kai ma ka fasa. Manomin nan ya sani sarai. Amma ya tuna da nasa rumbun, sai ya yi caraf ya kama "na ƙoshi" ɗin nan ya riƙe. Ya shiga wa'azi: dubi tsuntsaye, ba sa shuka ba sa girbi, Ubangiji na ciyar da su. Yana ja wa mutum aya, yana kai loma. Bawan Allah yana cewa "Amin," leɓensa a bushe, idonsa na kan miya. Da aka suɗe akushi, manomi ya yi masa doguwar addu'a, ya sallame shi.

Ran Lahadi a majami'a, bencin maƙwabcin da iyalinsa babu kowa. Ashe ranar da ya zo gaisuwar, kwana biyu ke nan ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Ya kwashi matarsa da 'ya'yansa sun tafi birni neman dako, gonarsa da ya riga ya yi wa noman farko ciyawa ta shanye ta. Bai dawo garin ba, an kuma ce bai sake taka ƙofar majami'a ba. Shekara ashirin da huɗu ke nan, ban manta ba.

Ayoyin ba sa faɗa da juna, Malam, ni ne na sauya musu gida. Ta tsuntsayen nan tawa ce, ni mai rumbu, don hannuna ya saku. Na ɗauke ta na ɗora wa wanda ba shi da ko ƙwaya, ta biyun kuwa na zauna a kanta. Ka fara cika akushi kafin ka buɗe Littafi. Hausawa sun riga mu faɗa: da ruwan ciki ake jan na rijiya.