Fasinjan Asabar

Nu'uman na tsugune yana wanke babur, kansa na sarawa saboda aikin jiya, sai ga babansa tsaye a kansa. Baffa Hamma fa, ladanin unguwarsu a Kurfi, gemu fari tas.

Abin mamaki ne, don gidan Fulani ne, Nu'uman kuma ɗan fari. Tun da aka haife shi Baffa bai taɓa kiran sunansa ba, balle ya zaunar da shi ya yi masa faɗa. In ta kama dole sai dai "kai wannan", shi ma ido na kan bango.

"Kai wannan," in ji Baffa, yana kallon tayar babur. "Za ka riƙa kai ni Dutsin-Ma duk Asabar. Akwai zaman da masu shan giya ke yi don su daina. Ni ma ina sha."

Soso ya suɓuce daga hannun Nu'uman. Ladan guda! Duniya ina za ki da mu.

Shi dai Nu'uman ai ba mashayi ba ne, Allah ya kiyaye. Yana ɗan taɓawa ne saboda gajiya. Gajiyar ce ta jefa shi kwalbati a hanyar Wurma, ita ta sayar da tunkiyar matarsa Sumayya, ita kuma ta sa Sumayya ta goya 'yarsu ta koma gidansu Rawayau, ta ce ita da dawowa sai ranar da ya daina. Gajiya dai ba ta da mutunci.

Wurin zaman wani tsohon aji ne a bayan wani kemis, benci-benci da fanka wadda ta yi ritaya. Baffa ya ce wani malamin asibiti ne ya yi masa kwatance. Mai jan zaman tela ne, Malam Abdullatif, shi ma tsohon ɗan hannu. Dokarsu ɗaya ce: abin da aka faɗa a ɗakin, a ɗakin yake kwana.

Nu'uman ya so ya tsaya waje ya yi ta danna waya, Baffa ya ce a'a, kunnensa ya yi nauyi, ya shigo ya riƙa maimaita masa abin da ake faɗa. Mutumin da ke jin akuya na taɓa dawa yana cikin masallaci! To, aikin giya kenan.

Haka ya zama lasifika. Wannan ya ce ya rasa aiki, Nu'uman ya sunkuya ya maimaita. Wancan ya ce uwarsa ta rasu yana mashaya, Nu'uman ya maimaita. Kowane labari sai ya bi ta bakinsa.

Da aka zo kan Baffa, ya sunkuyar da kai ya ce ya taɓa faɗawa kwalbati, ya sayar da dabbar da ba tasa ba, ya kori farin cikin gidansa da hannunsa. Nu'uman ya ce a ransa, ashe ma gado ne, ni ake ta zagi a banza. Amma fa ya sara wa tsohon. Gida ɗaya suke, ko wari bai taɓa ji ba, hannu ba ya ko rawa. Gwani kenan.

Dokar ɗaki kuwa Nu'uman ya kiyaye ta sosai: mutum ɗaya tak ya gaya wa, a tashar 'yan acaɓa. Kafin Juma'a ta zagayo manyan masallaci sun ce Baffa ya ɗan huta, muryarsa ta gaji. Masu durƙusa masa suka koma ɗaga hannu daga nesa. Baffa kuwa bai fasa ba. Ran Asabar ya sa hularsa ya hau babur.

Nu'uman ya daina taɓawa ran Juma'a, don kar ya kayar da tsoho. Daga baya Alhamis ma ta shiga ciki. Shi dai taimakon uba yake yi, kun gane.

Wata Asabar wani direba ya ce 'yarsa ta tashi tana kiran ƙanensa Baba, shi kuma in ya miƙa hannu sai ta ɓuya. Nu'uman ya sunkuya zai maimaita, sai ya fasa. Ya miƙe tsaye.

"Sunana Nu'uman. Ni ma ina sha. Kuma wallahi ba gajiya ba ce."

Ba wanda ya yi mamaki. Baffa, kurman ɗakin, shi ne ma ya fara cewa alhamdu lillahi, ba a maimaita masa ba.

Da kaka ta yi, Sumayya ta dawo da 'yarta. Kiran salla dai bai dawo hannun Baffa ba. Abin ya yi ta cin Nu'uman, har wata ranar suna komawa Kurfi ya rage gudu.

"Baffa, ni na tona maka asiri a gari. Ka yafe mini."

Sun wuce gonakin gero da nisa, sannan tsohon ya gyara zama ya matso da baki kusa da kunnensa.

"Kai wannan, na daɗe ina son in tambaya, ina jin kunyar mutanen can. Wai abin nan da kuke sha, zaƙi gare shi ko ɗaci?"