Kajin da Aka Hana Dare

Ke da kike cewa mai bayarwa ba ya ƙarewa, gyara zama ki ji wannan.

Wata mata ce mai kiwon kaji a bayan ɗakinta, da su take rufa wa kanta asiri tun rasuwar mijinta. Ba ta zubar da ɓawon ƙwai. Takan tara shi ta gasa a busasshen kasko, ta karɓo ƙasusuwa wajen mahauta ta ƙona, ta haɗa ta daka a turmi, ta barbaɗa cikin dusa. Kazar da ta nemi kwanci kuwa, sai ta ƙyale ta ta kwanta. Da 'yarta ta haihu a wani gari, ta tafi zaman jego, ta bar kajin a hannun ƙanenta, autansu, magidanci da gemunsa. Ta nuna masa turmin, ta nuna masa kaskon. Ya ce ta tafi abinta, kaji ne fa, ba jarirai ba.

Shi kuwa ya taɓa ji a bakin masu gidan gona cewa haske ne ke sa kaza ƙwai. Kuma ba ƙarya suka yi ba. Ubangiji ya halicce ta da wani saƙo mai bin jini: in yini ya yi tsawo, labari ya isa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta aika wa mahaifa cewa lokaci ya yi. Rabin karatun ke nan ya ɗauko, ya baro rabin a can. Ya rataya fitilar sola a cikin akurki, ba kashewa. Wadda ta kwanta kan ƙwai, ya fizgo ta ya tsoma a bokitin ruwan sanyi har zafin kwancin ya sake ta. Dakan ƙashi kuwa ya ce wahalar banza ce irin ta tsofaffin mata, dusa ma ai gata ce. Ƙwai ya yi ta zuba, mai shayin bakin titi ya yi ta aikowa, shi kuma yana bin majalisa yana cewa yayarsa ta daɗe tana wasa da arziki. Bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa da me kaza ke gina ɓawon nan kullum ba. Saƙon da ke cikin jininta bai san uzuri ba. In an ce a yi ƙwai, dole a yi masa ɓawo. In babu kayan ginin a cikin abinci, sai jiki ya juya kan ƙashinsa, ya riƙa kankara yana miƙawa. Kaza kuwa ba ta da bakin da za ta ce ya isa haka.

Da zaman jego ya ƙare, wata rana da hantsi matar ta dawo. Ko mayafi ba ta cire ba ta zagaya baya, don shirun gidan bai yi mata ba. Babu kyarkyara, babu wadda ta rugo tarbarta. Ta same su a gurfane, wasu na jan ƙirji a ƙasa suna neman ruwa. A kusurwa ga ƙwai nan babu ɓawo, sai tantani, ka taɓa ya lotsa. Ta sunkuya ta ɗauki kazar nan wake-wake da ta fi kowace yawan ƙwai, a hankali fa ta ɗaga ta, amma sai ta ji ƙafar ta ce ƙas a tafin hannunta. Ta yi salati. Salatin bai kashe wutar fushinta ba, har kunnuwanta take jin zafin. Sai ga Auta da murmushinsa, yana yi mata sannu da hanya, yana cewa wani ciwon kaji ne ke yawo a unguwa, in kuma ba shi ba to bakin mutane ne. Ta ɗauko wuƙa ta miƙa masa, ta sa ya yanka kazar. Ta fige, ta zare ƙashin cinya, ta ɗora masa a hannu ta ce ya matsa. Ya matsa, ƙashin ya ruguje kamar busasshen kara.

"Wannan ka sayar wa mai shayi, Auta," in ji ta. "Ba ƙwai ba. Dabba ce, ba ta da baki yau, amma akwai ranar da za ta yi."

Ta fizge fitilar ta jefa masa a gaba. Haka ya wuni tsugune yana yanka, ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ba ta iya tsayuwa. Naman ma ba mai saye, fata ce kawai a kan ƙashin da babu. Akurkin da ya riƙe gida shekara da shekaru, kafin la'asar ya zama kango.

Hausawa ba su faɗa a banza ba: garin neman ƙiba, an samo rama.