Tuban Babayo

"Wallahi na tuba, ranka ya daɗe," in ji Babayo, har da dafe ƙirji.

Daga shagonsa na jakunkuna a garin Shiling na ƙasar China yake ganawa ta bidiyo da kwamitin ba da lasisin dillancin rancen gida. Tunda ya taɓa cin sarƙa kan damfara, sai sun gamsu ya shiryu. Har sun fara gyaɗa kai.

Sai ga telansa ɗan China, da Hausar da Babayo ya koya masa da bakinsa: "Maigida, jakunkunan nan tambarin Italiya zan liƙa, ko na Faransa?"

Shugaban kwamitin ya gyara tabarau.

"Lasisi dai babu, Malam Babayo. Amma ka ware wa Hajiyata ta Italiyar, ja."