Kwana Uku Suka Rage

Malam, kafin ka ce sai bayan Sallah za ka kai ƙararka, tsaya ka ji abin da ya sami wasu mutum biyu. Wata mai turara shinkafa da wani makanike suna cikin mutum biyar da suka kafa kamfanin casar shinkafa a garinsu. Ita ta jawo manoma, shi ya kafa injin da hannunsa. Da kasuwa ta buɗe, sauran ukun suka yi taro a ɓoye, suka soke sunayen su biyun daga cikin daraktoci. Ba ta san wainar da ake toyawa ba sai ranar da maigadi ya tare ta a bakin ƙofa. Ko gida ba ta koma ba, ta zarce wurin lauya. Lauyan yana jin ranar da aka yi taron ya zabura ya ce, "Hajiya, irin wannan ƙara wa'adi gare ta, kwana uku suka rage miki!" Ta ruga garejin makanike tana haki ta gaya masa. Shi kuwa ya goge hannu da tsumma, ya ce a jira zukata su kwanta, dattawa za su sasanta bayan kaka.

Ita kam ba ta zauna ba. Kwana biyu tana zirga-zirga, ta haɗa takardun rajista da shaidu. Rana ta uku ta nufi birni, motar haya ta yi faci ana hangen gari. Ta tattare zani ta haye acaɓa, takardu rungume a ƙirji, mayafi na tashi, tana cewa ɗan acaɓa ya ƙara wuta. Ta faɗa ofishin kotun kamfanoni magatakarda na shirin tashi. Ya dubi agogo, ya dubi gumin fuskarta, ya buga hatimi, dam! Ba ta san lokacin da ta rangaɗa guɗa ba. Aka yi shari'a, kotu ta rushe hukuncin da taron ɓoyen ya yanke a kanta, ta koma kujerarta.

Da makanike ya ji labari, ya kwaso nasa takardun, hujjarsa har ta fi tata ƙarfi. Alƙali ya duba kwanan wata kawai, ya ce wa'adi ya wuce, ya rufe fayil. Kujerarsa yanzu surukin ɗaya daga cikin ukun ne a kai.

Gaskiyar masu iya magana: a bari ya huce shi ke kawo rabon wani.