A Danna Tara Don Sake Saurare

Inna ta sake kiran layin kamfanin. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta zauna a bakin gado, ta manna wayar a kunne. Auta, ƙaramar 'yarta, tana tsaye a bakin ƙofa da jakar ofis a kafaɗa, abin duniya ya ishe ta.

"Inna, na'ura ce fa ke amsa miki. Ba za ta buɗe mana komai ba."

Inna ta ɗaga mata hannu alamar ta yi shiru.

Kafin Baba ya rasu, akwai wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin teburinsa, wadda ya harhaɗa da hannunsa bayan ya bar koyarwa. Kullum tana kunne, tana gurnani kamar mage. A cikinta yake ajiye hotunan gidan gaba ɗaya, da muryarsa. Baba mutum ne mai baki. Yakan ɗauki kansa yana ba jikoki labari, ko yana tsokanar Inna kan gishirin miyarta, ko yana karanta jarida da ƙarfi yana musu da wanda ya rubuta. Tun da haƙorinsa na gaba ya fita, maganarsa ta koma fitowa da ɗan fito, jikoki suna kwaikwayonsa yana bin su da sanda. Duk ɗan gidan da ke nesa yana iya leƙa kwamfutar ta wayarsa, ya saurara.

Auta ce ta raina ta. Ga cin wuta, ga zafi, ga tara ƙura. Ta kawo labarin wani babban kamfani mai ajiye wa mutane kayansu kyauta, wanda aka ce abu ba ya ɓacewa a hannunsa.

Baba ya ce, "Wannan idan ta yi gardama, mari ɗaya nake kai mata ta dawo hanya. Naku fa, a ina zan same shi in mara?"

Aka yi dariya, aka bar maganar. Da ciwo ya kwantar da shi, kwamfutar ta fara ɗaukewa, ba kuma wanda ya san inda ake marinta. Auta ta buɗe asusu da sunan Baba da lambar wayarsa, ta kwashe komai ta ɗora. Wata doguwar yarjejeniya ta fito, ta ja ta ƙasa da yatsa ba ta karanta ba, ta danna inda aka rubuta an amince. Kwamfutar kuwa 'yan gwangwan ta ba, a ƙofar gida suka farfasa ta da guduma.

Bayan rasuwar, aka yanke layin Baba aka sayar wa wani. Ranar da Inna ta ce a kunna mata labarin nan na gishiri, asusun ya ce sai da lambar sirrin da ya tura zuwa layin nan na Baba.

Auta ta yi ta rubuta wa kamfanin. Ta tura takardar shaidar rasuwa. Amsa ɗaya ce ke dawowa, babu sunan kowa a ƙasanta. Ta nemo ofishinsu, ta tarar da ƙofar gilashi da mai gadi, ya ce mata nan 'yan talla ne kawai, masu ajiya suna wata ƙasa. Wani maƙwabcinsu lauya ya zauna ya karance yarjejeniyar, ya cire tabarau ya goge ido.

"Duk abin da kuka ɗora, kun ba su izinin yin yadda suka ga dama da shi, har abada. Ku ne ba a ba izinin komai ba."

Daga nan Auta ta saduda. Laifin yana cin ta, ta daina ko kallon gurbin da kwamfutar ta bari a ƙarƙashin tebur. Layin wayar kamfanin ma ba ta taɓa gwadawa ba, ta san ɓata lokaci ne.

Inna ce ta gwada. Matar da sai an danno mata lamba, ta haddace wannan. Kullum da yamma, daidai lokacin da Baba ya saba zaman shan shayi, sai ta kira. Ba ta taɓa neman a haɗa ta da ma'aikaci ba, ba ta taɓa ɗaga murya ba. Lamba tara ta wayarta har ta koɗe. Wani lokacin ma murmushi take yi. Ran nan Auta ta ji ta ce a hankali, "To, ai na ji." Yaya, babban ɗan gidan, ya ce a kai ta ganin likita, baƙin ciki ne ya taɓa ta.

Yau kuwa Auta da labari ta dawo, ita kanta ba ta san ko na daɗi ba ne. Ta jira har Inna ta sauke wayar.

"Sun turo saƙo. Ƙarshen wata za su rufe layin nan, sai dai a riƙa rubuta musu. Kin huta ke nan, Inna."

Inna ta zuba mata ido.

"Har wannan ma?"

Sai ta fashe da kukan da ko ranar rasuwar ba ta yi irinsa ba. Zuciya ta ɗebi Auta. Ta fizgi wayar ta sake kiran layin, ta rantse yau ko da na'ura ce sai ta zage ta tas. Ta ja numfashi, ta shirya bakinta.

Aka ɗauka. "Sannu da haƙuri. Ba mu da izinin buɗe wannan asusu. Don sake saurare, a danna tara," in ji muryar, da ɗan fiton nan na haƙorin da ya fita, kuma kafin Auta ta farga yatsarta ta danna.